Takunkumin Danda

Zuwa ga ɗana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan jikokina. Yaya aiki, yaya hidimar iyali? In ka tambayi lafiyarmu, sai godiyar Allah. Gyatumarka tana nan da ciwon gwiwarta da kuma bakinta, a cikin biyun babu wanda ya ragu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na bar yi maka magana ta waya ne domin ba ka barina in kai aya. Ina fara magana sai in ji "to Baba, to Baba, zan sake kira", sai ƙit. Takarda kuwa ba ta da inda ake dannawa a kashe ta. Maƙwabcinmu tela ne ke riƙe da biro ina faɗa masa, na kuma sa ya yi mini alkawari zai rubuta yadda na faɗa, ba zai yi wa maganata kalmasa kamar bakin wando ba.

Maganar dokinka Danda ce. Bara da ka sayo shi yana ɗan shekara huɗu, ka danƙa mini ragamarsa a tsakar gidan nan, cewa ka yi, "Baba, ga abin da zai ɗebe maka kewa, ni kuma in na zo hutu in riƙa hawa." Ba ka ce mini za ka ɗora mini shugaba a kansa ba. Rannan a waya na ce maka yana barin hatsi a komi, gashinsa ya dushe, yana cizon haƙora, kuma in na ja majayi zan ɗaure sirdi sai ya juyo zai cafke ni. Hira nake yi maka, ba ƙara na kawo ba. Kwana uku ba a yi ba sai ga farar mota a ƙofar gida, wai likitar dabbobi ce ka turo.

Yarinya ce, Injiniya. Sa'ar autarmu. Gaskiya ta durƙusa ta gaishe ni, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Amma ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta fara tambayata me nake ba shi, sau nawa, ƙarfe nawa nake fita kilisa da shi. Ni da na shekara hamsin ina kwashe kashin doki, yau ni ake yi wa tambaya kamar an kama ni da akuyar wani.

Ta ce kada a ba shi komai tun daga yamma, za ta dawo da safe ta leƙa cikinsa, ta tambaya ko muna da takunkumi. Na shiga ɗaki na ɗauko nawa, wanda na ɗinka da hannuna da fatar bijimi. Ta juya shi, ta juya shi, ta ce, "Baba, wannan aikin hannu ne, ban taɓa ganin mai kyansa ba." Ka riƙe wannan magana, ita ta faɗa da bakinta.

Da safe ta yi masa allura ya saki wuya kamar mai gyangyaɗi, ta zura masa wani baƙin bututu ta hanci, tsawonsa ya fi gaba biyu, wai akwai ido da fitila a bakinsa. Ta kafa wani ɗan akwati mai kama da talabijin a kan buhun dusa, ta ce in zo in gani. Na ce cikin doki ba gidan kallo ba ne. Na riƙe ragama na juya fuskata bango har ta gama. Tela ne ya baro kekensa ya zo ya leƙa, yana ta "kai, kai, kai", shi da bai san gaban doki da bayansa ba.

Wai gyambon ciki ne, abin da kuke kira olsa. Na ce mata olsa ciwon ma'aikatan ofis ne masu yawan tunani, shi Danda tunanin me yake yi, kuɗin makarantar 'ya'ya? Ta yi dariya ta ce cikin doki ba irin namu ba ne. Wai shi dare da rana cikinsa yana tsattsafo da wani ruwa mai tsami, ko ya ci ko bai ci ba, kuma tauna ciyawa da yawun da yake haɗiya su ne ke kashe kaifin ruwan. In cikin ya zauna wayam sai ruwan ya koma cin naman cikin, in kuma aka yi sukuwa a haka sai ya riƙa fantsama sama inda fatar ba ta da kauri. To ni tun ina yaro abin da na sani shi ne ba a hawan doki da ciki cike. Wanda ya koya mini haka ya mutu da haƙoransa talatin da biyu, doki bai taɓa kayar da shi ba.

Ta bar magani mai kauri a cikin sirinji marar allura, a matsa masa a baki kowace safiya kafin ya ci komai, kwana ashirin da takwas. A rage hatsi, a raba shi kashi uku. A ba shi ciyawa kafin a ɗaura sirdi. Ta kuma kawo wata raga kamar ta kamun kifi, wai a cika ta da busasshiyar ciyawa a rataya masa kullum da yamma.

Zan yi duka. Ba don na yarda ba, sai don kada gobe a ce tsoho ne ya hana doki warkewa. Amma ka sani ka zubar mini da girma a unguwar nan. Jiya mai shayi yana tambayata wai ko gaskiya ne an sa Danda a talabijin.

Ka gai da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Gyatumarka ta ce a gaishe ka, ta ce kuma in faɗa maka ka kyauta. Wannan maganarta ce, ba tawa ba.

Ni ne,
Mahaifinka.

*

Zuwa ga ɗana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka gaisuwa irin ta uba, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ka jefa mini a zuciya ranar Lahadi.

Ka ce mini a waya, in maganin nan na biyu ya ƙare aka bar wata guda, likita ta sake zura bututunta ta ga gyambon ya dawo karo na uku, za ka turo mota a ɗauke Danda a kai shi bargar ƙungiyar mahaya, inda take duba dawaki kowane mako. Ka faɗa, ka ce "don lafiyarsa ne Baba", ka kashe. To yanzu sai ka zauna ka ji nawa, tunda ba a kashe takarda kamar waya.

Da aka yi maganin farko, ba warkewa ya yi ba? Kwana goma kacal ya koma share kominsa har yana lasa. Gashinsa ya yi sheƙi, in na ja majayi ko kunne ba ya kaɗawa. Wa ya tashi kowace asuba ya matsa masa maganin? Likita ce? Kai ne? Ko kwana ɗaya ban tsallake ba, har ranar da ƙafata ta kumbura na fita da sanda. Sai da magani ya ƙare da mako uku sannan ya fara barin abinci, ya fara gatsar katakon ƙofa, ya koma kwanciya da rana tsaka yana waiwayen cikinsa. Ta zo ta sake leƙawa ta ce ya dawo, har ya fi na farko. Wannan ai ba sai an je makaranta ba: maganinta ne ke danne ciwo ba ya kashe shi. Amma maimakon a tuhumi magani, sai aka tuhumi tsoho. Dama icen da ya fi gajarta shi akuya ke tattakewa.

Ta zauna a kan turmi ta buɗe littafinta tana yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Hatsi kashi uku? Na ce uku. Ciyawa kafin kilisa? Na ce ana ba shi. Ruwa? Na ce ki leƙa bokitin, in kin ga tsinke a ciki ki mare ni. Raga fa, ana ratayawa? Na ce kullum. Ta ciji biro, ta ce, "Baba, akwai abin da ban gane ba a gidan nan." Na ce a raina, da yawa ma.

Bari in lissafa maka yinin dokin nan, ka gaya mini inda aka cuce shi. Da asuba magani. Bayan awa guda ciyawa, sannan sirdi, mu zaga bayan gari mu dawo kafin rana ta yi zafi. In wanke shi, in goge shi, in duba kofatansa huɗu. Hantsi hatsi, azahar hatsi, la'asar hatsi, ciyawa kuwa a gabansa take yini. Da magariba in share ɗakin, in cika ragarta fam in rataya a ƙusa kamar yadda ta ce, in sa masa takunkuminsa, in ja ƙofa. Da safe ragar nan yadda na rataya ta haka nake sauke ta, asarar ƙarfi kawai, amma ban taɓa fasawa ba tunda an ce a yi.

A ƙungiyar mahayan nan wa zai yi masa haka? Na san wurin. Dawaki arba'in, masu kula uku, kowa idonsa a kan waya. Danda ba ya shan ruwa in baƙo na tsaye a kansa. Ba ya yarda a taɓa kunnensa na hagu sai an fara shafa wuyansa. In ya ji tarina daga cikin gida yake haniniya. Waɗannan a wane littafi aka rubuta su?

Na san dokinka ne, ban manta ba, ba sai an tuna mini ba. Amma tun da na bar aiki, shi ne dalilin da nake sanin Litinin daga Talata. In ka ɗauke shi, sai ka turo wata motar ta biyu ta kai ni inda ake ajiye tsofaffin da ba su da amfani. Tela ya ɗaga biro wai wannan ta yi tsauri. Na ce ya rubuta.

Gyatumarka na gaisuwa. Ka gai da yara.

Ni ne,
Mahaifinka, wanda ya san doki tun ba a san za a haife ka ba.

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Ashe takardar da uba ya rubuta wa ɗansa, ɗaukar hotonta ake yi a tura wa bare? Likita da kanta ta nuna mini a wayarta, rubutun tela ne ɓaro-ɓaro, har da inda ya goge. Ta ce ka tura mata ne don ta ga irin ƙoƙarin da nake yi. Sannu da taimako. Ka kyauta, Allah ya ba ka ɗan da zai yi maka irinta.

Shekaranjiya da hantsi ta zo ba sanarwa. Ba ta ɗauko bututu ba, ba ta ɗauko littafi ba. Ta gaishe ni, ta wuce wurin Danda kai tsaye, ta sa yatsa a karan hancinsa inda gashi ya ɗan goge, ta juyo ta ce, "Baba, takunkumin nan kullum kake sa masa?" Na ce kullum, daga magariba zuwa asuba. Ta ce, "Da ragar ciyawar a rataye a gabansa?" Na ce ke kika ce a rataya, na rataya. Ta dafe kai ta zauna a bakin komi. Ta ce me ya sa ban taɓa gaya mata ba. Na ce kin tambaye ni hatsi, kin tambaye ni ruwa, kin tambaye ni raga, yaushe kika tambaye ni takunkumi? Ba ke ce ma kika yaba shi ba? Ta ce ita na dare ɗaya ta nema, don bututu ya ga ciki sarai. Ta ce awa goma sha ɗaya kowane dare dokin nan yana tsaye yana shaƙar ƙanshin ciyawa, cikinsa na cin kansa. Wai muddin ana ba da magani ciwon zai lafa, ana tsayawa zai dawo, ko shekara goma za a yi ana yi.

Gyatumarka tana jin mu daga bakin madafa, sai ta jefo tata, wai ita ta daɗe da sanin wannan fatar za ta ja mana magana. Na ce ta ji da tukunyarta.

Kai ba ka san tarihin takunkumin nan ba, domin kana goye aka yi abin, ni kuma ban taɓa ba ka labari ba. Yau za ka ji.

Shekara goma sha tara na yi ina kula da bargar wani attajiri, dawaki shida. A cikinsu akwai wani baƙi wuluk da muke kira Akawal. Ni na karɓe shi yana ɗan wata takwas, ni na fara sa masa linzami, ban taɓa riƙe doki mai hankalinsa ba. Wata rana ƙanin maigidan ya karɓi mabuɗin ɗakin ajiya wai zai ɗauki igiya, ya tafi ya bar ƙofa a buɗe. Akawal ya zame ragamarsa ya shiga ya ci abin da ya ci. Da gari ya waye na same shi cikinsa kamar ganga, yana birgima yana dukan ƙasa da kai. Na yi duk abin da na sani. Kafin azahar ya mutu, kansa a kan cinyata.

Maigidan bai tambayi wa ya bar ƙofa ba. Ya sani, kowa ya sani, amma ƙaninsa ne. A gaban masu wanki da direbobi ya ce ni na kashe masa doki da sakaci. Kafin la'asar an fito da kayanmu daga ɗakin da muka shekara goma sha tara a ciki, tabarma da tukwane a bakin titi, gyatumarka na tsaye da kai a baya. Har ya mutu bai aiko ya ce a yi haƙuri ba, ni ma ban je gaisuwarsa ba, kuma ban yi nadama ba.

A makon da aka kore mu na sayi fata na ɗinka takunkumin nan. Na yi rantsuwa doki ba zai ƙara cin komai a bayan idona ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, na riƙe dawakan mutane sun fi ashirin, ko ɗaya bai mutu a hannuna ba. Ko ɗaya, Injiniya. Sai yau yarinyar da aka haifa bayan an ɗinka shi za ta ce shi ne cuta.

Duk na gaya mata wannan, ban san ma me ya sa ba. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba, wannan ta fi ka. Sannan ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, an zalunce ka. Amma Akawal ɗin, ciyawa ya ci ya mutu ko hatsi?" Ka ji fa. Ina ba ta labarin abin da ya raba ni da aikina da mutuncina, ita tana tambayata jerin abinci. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, ta yi sallama da ladabi, ta tafi.

To ga amsata, ka tura mata hotonta ita ma. Ba zan cire ba. Ka turo motarka. Gara in ga ƙurar motar da ta ɗauke shi da ransa, da in sake riƙe kan doki a cinyata.

Ni ne,
Mahaifinka.

*

Zuwa ga ɗana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya kai, yaya maiɗakinka, yaya 'yan jikokina? Na ji an ce babban ya fara karatun haɗa baƙi, Allah ya buɗa masa, ya kuma sa ya fi ubansa sauraron manya. Mako bakwai ban rubuto ba, na kuma san ka yi ta kira ban ɗauka ba. Lafiyata ƙalau, ban ga dama ba ne.

Na san likita ta riga ta ba ka labari, amma nata labarin na likita ne, ga nawa.

Tambayar nan da ta yi mini ta tafi, ita ta hana ni sakat. Ina alwala tana nan, ina goge Danda tana nan. Abin da ban gaya mata ba, ban kuma gaya maka ba, shi ne ni na riƙe ƙafar Akawal aka farke cikinsa, domin maigidan ya ce sai ya ga ko guba aka ba shi. Na ga abin da ya fito. Hatsi ne, Injiniya, ya jiƙa ya kumbura, ya fi rabin buhu. Ko tsinken ciyawa ɗaya babu. Da idona na gani, kuma shekara talatin da ɗaya ban taɓa tsayawa na raba biyun ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake, amma ni har gida na gina a wurin gudun.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Na zauna na tuna dawakan da na riƙe bayan Akawal. Akwai wani ja da ke cizo duk lokacin da aka ja majayi, na ce mugun hali ne, na sa masa bulala har ya daina juyowa. Akwai wata goɗiya da ba ta taɓa yin ƙiba ba, na ce jininta ne haka. Ba su mutu ba, gaskiya ne. Tela ya tsaya yana kallona, na ce ya rubuta, ba kallo na kira shi ba.

Kada ka ɗauka na tafi na ba ta haƙuri. Abin da na yi shi ne, na kira masu ɗaukar kaya suka kwashe buhunan hatsi da na dusa kaf daga gidan nan, aka kai ɗakin bayan shagon tela, aka sa kwaɗo biyu, mabuɗan suna wuyana. Kullum in je in auno na yini ɗaya a kwano in dawo. Tela yana ta ƙorafi wai na jawo masa ɓeraye za su ci masa yadin mutane. Na ce wanda ya iya leƙa cikin dokin wani, ya iya zama da ɓeransa.

Ranar da na fara barin Danda ba takunkumi, na rataya raga na ja ƙofa. Gyatumarka za ta ce maka ban runtsa ba, ƙarya take yi, na runtsa sau biyu. Da asuba na buɗe ƙofa na same shi a tsaye, raga ta koma kamar tsohuwar hula, ba komai a ciki. Na duba cikinsa, na ƙirga kashinsa tuli shida, kowanne lafiyayye. Ya juyo ya dube ni da tsinken ciyawa a leɓe, wani irin kallo kamar na wanda ya daɗe yana jiran in gama wautata. Yanzu raga biyu nake rataya masa, ta biyun ni na saƙa, ramukanta sun fi nata ƙanana don ta kai shi har asuba. Da ta gani ta ce za ta so irinta. Na ce sai na duba lokacina.

Magani ya ƙare, aka bar wata guda cur har da kwana biyar. Jiya ta zo da bututunta. A daren shekaranjiya ne kaɗai na sa masa takunkumi, da izininta, ka ji yadda duniya ta koma. Da ta kafa akwatin ta ce, "Baba, yau ma bango za ka kalla?" Na ce bangon na gaji da shi. Na ba tela ragama na matsa. Wallahi ban taɓa zaton haka cikin doki yake ba, fari-fari da ja-ja, sumul, yana sheƙi kamar cikin sabon kwano. Ta nuna mini hoton farko da na ƙi kallo, ramuka ne jajaye da baƙin baki kamar inda garwashi ya faɗa a tabarma. Ta nuna mini na jiya, ɗan tabo ɗaya ne ya rage, bai kai ƙwayar wake ba. Na juya na karɓi ragamata a hannun tela. Ita kuwa, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi mini gori ba.

Ta ce ciwon irin mai dawowa ne, sai an ci gaba da lura, musamman in an canza masa wuri ko an yi doguwar tafiya da shi a mota. Ta ce ta gaya maka ɗauke shi daga nan zai fi cutar da shi, domin ba ta san bargar da za a ƙirga masa kashi kowace safiya ba. Wato ni na faɗa maka haka a takarda guda ba ka ji ba, sai da mai farar mota ta faɗa. Ba komai. Na rubuta wannan ma a inda nake rubuta irinsu.

Direban da zai ba ka takardar nan zai ba ka wani ƙunshi. Takunkumin ne. Ba kyauta na ba ka ba, ajiya ce. Na aiko maka ne don na san halina: in yana rataye a ƙusar nan, wata rana Danda zai yi tari da magariba, hannuna ya kai kansa kafin hankalina ya iso. Ka sa shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ka riƙa shafa masa mai sau biyu a shekara, fata ce mai kyau. In likita na bukatarsa ranar bututu, ta nema a wurinka, tunda kun saba aika wa juna kayana.

Ka zo hutun nan ka hau dokinka. Ka zo da wuri, ka kuma sani sai ya ci ciyawarsa kafin a ɗaura sirdi, ko kai ne ka saye shi sai ka jira.

Gyatumarka na gaishe ku. Tela ma wai a gaishe ka, ya ce in gaya maka biro ya ƙare.

Ni ne,
Mahaifinka, mai kula da Danda.